Gwaggon da Ta Fasa Turu

Na Allah ne mu, kuma gare shi za a komar da mu. Ranar Talatar makon jiya Gwaggo ta riga mu tafiya. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Ta cika da hantsi ana yayyafi, a kan tabarmarta, kusa da murhun da ta yi shekara da shekaru tana bandar kifi a kai. Kafin azahar mun kai ta makwancinta.

Ban taɓa sanin Gwaggo na da jama'a haka ba. Jirage uku suka zo daga Tunuga cike da mata, wasu kuma suka tsallako gulbi daga Malanbil. Wata mata ta shigo riƙe da hannun 'yarta budurwa, kurma ce, ta nuna mata ɗakin Gwaggo, sannan ta kwantar da kumatu a tafin hannu, alamar Gwaggo ta tafi. Yarinyar ta gane. Ta saki wata irin ƙara da ban so in sake jin irinta ba, har matan cikin gida suka rufu a kanta. Majo ma ya zo, wato babban ma'aikacin gidan likita na nan Gaya, mutumin Dahomi. Ya tsaya a bakin zaure da farar rigarsa ta aiki, bai san inda zai zauna ba, sai da Baba ya matsa masa a tabarma. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce mana yau ya rasa idonsa a cikin gari.

Amma kada in yi ƙarya a kan mamaciya, ba kowa ne ya zo da yabo ba. Wata ta ɗaga murya daga cikin gida don mu ji, ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma ni dai ɗana a hannun likitanta ya mutu." Wani dattijo ya shafa addu'a ya ce, "Allah ya yafe mata shisshigi." Baffa, ƙanen Baba, ya amsa da amin mai ƙarfi, fiye da yadda ake bukata. Kafin sadakar uku hira ta koma kan tsadar kifi da maganar wai Faransawa sun kusa tafiya.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Kuma ya ba ni tsoro. Damina ce, fadamar shinkafa ta cika, sauro ya yi yawa, lokacin ciwon ke nan. Abin da matar nan ta sani a kanta yake, ba a takarda ba. In ya bi ta kabari, gobe wani zai kwanta da zazzaɓin da ke hawa kai, a ce iska ce, a zura ƙafarsa a turu har ya mutu. Ni tela ne, aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni. Amma na iya riƙe alƙalami, ko da hannun yana rawa, don haka zan rubuta.

Gwaggo ba ungozoma ba ce, ba boka ba ce, ba ta taɓa ba kowa saiwa ba. Mai kifi ce. Abin da ya mayar da ita haka, tun ban san kaina ba, 'ya'yanta uku ne suka tafi a damina ɗaya. Inna ta ce na farkon da ya fara fizge-fizge, tsofaffi suka ce bugun tsuntsu ne, suka kara tafin ƙafarsa a wuta don ya farfaɗo. Haka aka yi wa na biyu. Ta ukun, 'yar auta, ta mutu da ƙunar har idon sawu. Gwaggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Daga wannan shekara duk gidan da ta ji an ce yaro ba shi da lafiya, sai ta rufe kifinta da faifai ta tafi, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Ta zauna ta zuba ido. Da kallo ta koya.

Shigarta gida ma abin magana ne. Mu nan in ka shiga gidan mutane sai ka tambayi kwana da gajiya da gida da yara da ruwa. Gwaggo sallama ɗaya take yi, sai ka ji, "Ina yake? Kwanansa nawa?" Mata su ce ba ta da gaisuwa. Ta ce, "In ya tashi na dawo mu gaisa har la'asar."

Na sha jin ta tana koya wa matan unguwa, tana juya kifi a kan ragar murhu, hayaƙi na shiga idonta.

"Yaro ba ya cewa kaina. Cikinsa zai nuna miki. Ya yi amai, ya ƙi nono, jiki kamar garwashi, ke kuma ki ce haƙori ne. To ki duba. In kin kira shi yana kallon bayanki, in barcinsa ya yi nauyi har kin girgiza shi bai buɗe ido ba, ba haƙori ba ne. Jinjiri ki taɓa maɗigarsa, in ta kumbura kada ki tsaya neman mayafi. In ya fara fizga, ki kwantar da shi a gefe, ki kwance masa riga. Kada ki cusa masa ludayi a baki. Wadda kuma na kama ta kai ƙafar yaro wuta, wallahi ni da ita ne."

Na manya kuwa, ta ce ya fi ha'inci, don babba ba ya cika fizga kamar yaro. Ciwon kai ne zai fara, irin wanda mutum ke gudun haske. Sai magana ta fara kaucewa. Mai kunya ya yi ashar, mai haƙuri ya yi faɗa. Hanyarta ta gwaji uku ce. Ta sa tafin hannu a ƙeyar mutum ta ɗaga, ta ga ko haɓa zai taɓa ƙirji. Ta tambaye shi 'ya'yansa nawa. Sannan ta miƙa masa ƙwarya cike da ruwa ya riƙe, ta ga ko zai zubar. In wuya ya sandare, lissafin 'ya'ya ya rikice, ruwa ya zube, fuska kuma ta daskare ba dariya ba ɗaure fuska, sai ta miƙe ta ce, "Ku ɗauko shi." Ta kuma bambance sanƙarau, mai zuwa da zafin bazara yana share gida guda, da wannan na damina mai tsintar mutum ɗaya nan, ɗaya can, galibi masu kwana kusa da fadama.

Ɗaukowar nan ita ce rigimar. Mutanenmu suna tsoron gidan likita, kuma suna da dalili. A shekarun sanƙarau Kumandan, Baturen mulki, kan sa a kafa bukkokin zana a bayan gari, a zagaye da igiya, ana ce da wurin lazare. Wanda aka kai can danginsa ba sa ganinsa, wani ma sai dai a aiko a ce an binne. Saboda haka in mutum ya kwanta sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Aka sa wa Gwaggo suna 'yar rahoton Nasara. Alhali ita kanta ta taɓa tsallake igiyar lazare da tukunyar kunu a kai, ɗan sandan Kumandan na daka mata tsawa, ta ce masa ya harbe ta in ya gama, kunun dai sai ya shiga.

Shi ma Majo bai tsira daga hannunta ba. Wata rana ta kai yaro da tsakar rana ta tarar an rufe, an ce ya tafi cin abinci. Ta bi shi har gida, ta ture kwanonsa, ta shimfiɗe masa yaron a kan tebur. Ya yi ta faɗa da Faransanci. Ta ce, "Ban ji ko ɗaya ba, ɗana. Duba wuyansa." Tun daga ranar in ya hango ta tafe sai ya fara wanke hannu.

Yanzu zan faɗi nawa, wanda na yi shekara shida ba na son a tayar.

Damina ta biyu bayan aurena na je taya Baba cirar ciyawa a fadama, na yi mako ina kwana a bukkar gona. Da na dawo kaina ya fara sarawa. Na yi amai, na sha jiƙo, na ɗaure kai da rawani na tafi rumfata, don akwai ɗinkin mutane. Abin da ya biyo baya ban san shi ba, mai ɗakina ce ta ba ni labari. Wai rana ta uku na tashi daga kan keke da almakashi a hannu, na ce dorina ta shigo rumfa. Baffa ya zo wucewa, na kira shi da sunansa tsirara a tsakiyar kasuwa, na zage shi. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi!

Aka taru aka danne ni. Baffa ya ce ai magana a fili take, na kwana a bakin ruwa, na taka abin da ba a takawa, mutanen gulbi sun shige ni. Aka aro turu, gungumen icce ne mai rami, a zura ƙafar mahaukaci a buga fegi. Aka ajiye ni a bayan gida gindin rumbu. Da mai ɗakina ta ce jikina da zafi, aka ce mata zafin iska ne, ta ja baya kada ta koma kanta, ga ta da ciki. Aka aika garin Junju a kira wani mai maganin iska, tafiyar kwana biyu.

Gwaggo tana Tunuga sarin kifi. Washegari da hantsi jirginsu ya iso, tun a bakin ruwa aka tare ta da labari. Ta bar kwandunanta a nan ta taho. Ta durƙusa a gabana ta ɗaga ƙeyata, wai duk kafaɗuna suka taso tare da kan. Ta miƙa mini ƙwarya na watsar. Ta juya ta dubi ƙannenta biyu.

"Wa ya sa shi a nan?"

Baffa ya ce, "Yaya, wannan ba naki ba ne. Ba ciwon likita ba ne. Kin ji abin da ya ce mini a kasuwa?"

"Na ji. An zage ka, sannu. Iska ce ta sa shi amai kwana uku? Iska ce ta sandarar masa da wuya? Zo ka taɓa."

"Ba na taɓawa. In aka kwance shi ya soki wani fa?"

"Da wane hannun? Wanda ya kasa riƙe ƙwarya?"

Ta dubi Baba. Baba mutum ne mai sanyi, ya sunkuyar da kai ya ce a dai jira mai magani ya iso, gobe ne kawai. Gwaggo ta ce, "Gobe sai dai ya iso jana'iza. Ni na binne uku ina jiran abin da manya suka ce. Wannan ba zan jira ba." Ta nemi a cire fegin, Baffa ya hana. Sai ta shiga madafa ta ɗauko gatarin faskare. Tsohuwa mai furfura, ta ɗaura zane a ƙugu, ta ce wa mai ɗakina ta riƙe ƙafata gefe. Tana sara tana haki, maza na tsaye suna kallo, ba wanda ya iya matsowa. Da turun ya dare biyu ta jefar da gatarin, ta cire ƙyauren ɗakinta, ta ce, "Wanda ke jin shi namiji ne ya kama." Baba ne ya fara kamawa.

Majo ya gaya mata gaskiya. Ya ce in zazzaɓin sauro ne ya hau kai, allurar kini za ta taimaka, kuma ya yi mini. In kuwa ɗaya ciwon ne mai kumbura ƙwaƙwalwa, ba shi da maganinsa, ko a Doso babu. Sai dai a hana ni bushewa, a hana ni shaƙewa, a jira ikon Allah. Gwaggo ta ce wannan aikin ta iya. Kwana tara tana ɗiga mini ruwa da kunu da ɗan ludayi, tana juya ni dama da hagu, tana jiƙa zane tana shafe ni. Kifin da ta bari a bakin ruwa ya ruɓe. Da na buɗe ido na ce ina jin yunwa, ta ce, "Ɗan banza, sai yanzu?" Sannan ta fita waje ta yi kukan da aka ce ba ta yi wa nata ba.

Na tashi, amma hannun hagu ya ƙi daina rawa, har yau. Na gode Allah, don na ga waɗanda suka tashi ba ji, da waɗanda ƙafa ta shanye, da wani da ya koma kamar ƙaramin yaro. Abin da ya fi hannun ciwo shi ne kasuwa. Na koma rumfa, wata guda ba wanda ya kawo ko ɗinkin hula. Yara su leƙo su ruga. Wa zai ba mahaukaci yadinsa ga almakashi a hannu?

Ran nan sai ga Gwaggo da turmin atamfa sabo fil. Ta ce riga take so, yanzu, tana zaune. Na ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkace. Na ce ta bari in warware. Ta fizge ta saka a nan take, ta zaga kasuwa tun daga 'yan kifi har 'yan gishiri, duk wadda ta gamu da ita sai ta ce, "Ɗana ne ya ɗinka. Zazzaɓi ya yi, ya warke. Kai naki." Ta yi ta sa rigar nan har ta koɗe. A hankali aka fara kawowa, don kunyarta ko don tsoron bakinta, oho.

To amma Gwaggo ba ta san iyaka ba, kuma a nan muka ɓata. Duk gidan da aka ƙi ba ta mara lafiya, sai ta aiko a kira ni. Ta tsayar da ni a tsakar gida ta ce, "Ga wanda aka sa a turu. Ku dube shi. Da matarsa da 'ya'yansa da sana'arsa." Ni kuwa so nake a manta. Na yi sau biyu, na uku na ƙi zuwa. Ta same ni a rumfa, na ce, "Gwaggo, ni ba birin wasa ba ne da za a riƙa yawo da ni gida gida. Ki bar ni in zama mutum." Ta ce, "To, zauna da mutuncinka." Ba ta sake aikowa ba. Muka ci gaba da gaisawa, ina kai mata goro ranar Juma'a, amma maganar nan ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba. Ita kaɗai ta ci gaba da shiga gidaje, da sanda, da gwiwar da ke ciwo. Wasu gidajen ta ci nasara, wasu aka rufe mata ƙofa. Wani lokaci nakan ji an fitar da gawa daga gidan da aka kore ta, in ce a raina da na je, wataƙila. Sai in ƙara taka keke da ƙarfi.

Kwana biyu kafin ta rasu na je duba ta. Na so in roƙi gafara, amma ban roƙa ba. Ita ce ta yi magana. Ta ce, "Ruwa ya yi yawa bana. Za a yi shi." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ta ce, "Amin. Amma za a yi shi." Iyakar abin da muka yi ke nan, kuma ina jin kunyarsa har cikin ƙashina.

Jiya, kwana ɗaya bayan sadakar bakwai, mai ɗakina ta dawo daga ɗibar ruwa ta ce ta ji mata suna cewa wani Basarke, masunci a unguwar bakin gulbi, ya haukace. Wai ya yi kwana uku yana ciwon kai, sai ya fara kiran matarsa da sunan uwarsa, yana cewa a kashe rana. An sa shi a turu tun shekaranjiya. Ta faɗa ta tsaya tana kallona.

Ina cikin ɗinkin wando. Na yi layi ɗaya, na yi na biyu, na ga zaren ya bi ta inda ba hanya. Na tashi na rufe keken.

A ƙofar gidan na tarar da yayan mutumin da wasu maza huɗu. Na yi sallama ɗaya, na ce ina yake, kwanansa nawa. Yayan ya dube ni sama da ƙasa.

"Tela, lafiya? Gwaggonka ai ta mutu."

"Na sani. Ni na sa ta a kabari."

"To me ya kawo ka? Wannan ba ciwon likita ba ne."

Mutane sun fara taruwa, har da waɗanda nake yi wa ɗinki. Na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Ni ne wanda aka sa a turu shekara shida da suka wuce. Ni na zagi baffana a kasuwa, ni na ga dorina a rumfa. Duk kun sani. Ban haukace ba, zazzaɓi ne, kuma da an ƙara kwana ɗaya da yanzu ba ni. Ku bar ni in taɓa wuyansa. In ya lanƙwasu, in tafi, ku kira ni mahaukaci har in mutu."

Wata tsohuwa daga ciki, uwarsu ce, ta ce, "Ku bar shi ya shigo."

Wuyan bai lanƙwasu ba. Jikinsa kamar an ciro shi daga murhu, ya kasa faɗin 'ya'yansa nawa. Yayan ya cire fegin da hannunsa. Mu huɗu muka ɗauke shi a kan ƙyaure, ni ina riƙe da gefen dama don hannun hagun ba ya ɗaukar nauyi. Majo ya fito ya dubi mara lafiya, ya dube ni, ya shiga wanke hannu.

Yau da safe na koma. Bai farka ba tukuna, amma yana haɗiye ruwa. Ban sani ba ko zai tashi, wannan na Allah ne. Na nuna wa matarsa yadda za ta juya shi da yadda za ta ɗiga kunu ta gefen baki. Ina fitowa wata mata da ban sani ba ta tare ni a ƙofa, ta ce jikanta yana ta amai tun jiya, ya ƙi nono, ko zan zo in duba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da 'ya'yanta uku, ya yafe mini abin da na gaya mata a rumfa. Na ce wa matar ta wuce gaba ta nuna mini gidan.